Dogon Takobin Kawu

Zuwa ga 'yata Sifana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ɗan jaririn nan da har yau hotonsa kawai muka gani. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Innarki tana gaishe ki. Kafaɗata ta dama ce kawai ke yi mini tsiya da safe, amma da rana ta ɗaga sai ta haƙura.

Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa a zamanin da kowa ke latsa waya. Kin san kunnena: inji ya cinye rabi, ragowar kuma Innarki ta yi kaka-gida a ciki. Ran da kika kira kina tambayata ya jiki, ai kin ji yadda na yi ta ba ki labarin jakin maƙwabcinmu. Shi ya sa na ba direban da ke kai muku kaya wannan takarda. In zai juyo ki ba shi amsa.

Ni da mahaifiyarki kakanninmu ne suka haɗa uwa, zumuncin da ɗan nisa, to amma an ce zumunci a ƙafa yake, tunda ƙafa ta gaza bari biro ya taka. Ke ce fa yarinyar da ta gudu da sifanata ran da na je sauke muku reshe, har sunan ya bi ki. Yau ga shi kin zama mai gyaran injuna da shagonki na kanki. To kawunki ya zo neman shawara.

Injin yankan itacena ya rasu. Ina tsakiyar wani kututture ya yi tari, ya saki farin hayaƙi, ya yi shiru. Makaniken unguwarmu ya buɗe shi, ya leƙa, ya mayar ya rufe, ya ce in yi haƙuri. Wai fistin ya narke ya manne, irinsa kuma an daina kawowa. Na ɗauko shi a kafaɗa na kawo gida, Innarki har gaisuwa ta yi mini.

Abin bai tashi faruwa ba sai da na karɓi aiki. Shugabar makarantar da ke bayan kasuwa ta kira ni. Akwai manyan bishiyoyi uku a harabar, iskar bara ta girgiza su har saiwoyinsu suka ɗago, babbar cikinsu kuma ta karkato kan azuzuwa biyu. An kwashe yara daga ciki, suna karatu a baranda a cunkushe kamar ashana. Tana so a sauke bishiyoyin cikin hutun nan tun ruwa bai kankama ba, katakon kuma a yi wa yaran benci da shi. Na bugi ƙirji na ce an gama. Ga kuma wani matashi mai sabon inji, Ɗan Gaggawa ake ce masa, yana ta kewaya makarantar kamar shirwa ta hango 'yan tsaki. In na gaza shi za a ba, daga nan kuma kowa zai ce tsohon ya ajiye.

Na je shagon Bakin Zuma, mai sayar da injuna a bakin titi, na tarar da guda uku. Akwai wani ƙato da na sa wa suna Basamude. Da ya tayar mini da shi sai da gwangwanayen fentin da ke kan kanta suka yi rawa. Akwai na tsakiya, Matsakaici, ba shi da wata kwalliya, yana zaune kamar mutumin da ba ya son surutu. Sai kuma Ɗan Kwalisa, mai ƙyalli, ga araha, har da jaka da tabarau a kyauta, kuma an rubuta a kwalinsa wai ƙarfinsa ya kai na Basamude.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne takobina, wato faifan ƙarfen nan da sarƙa ke zagayawa a kansa. Dogo ne, inci talatin da shida, bara na saya wa marigayin, ko fentinsa bai gama gogewa ba. Ba zan iya yar da shi ba. Bakin Zuma ya ce zai hau kowanne cikin ukun. Amma shi wannan ko takalmin jariri ka ɗaga zai rantse daidai ƙafarka ne.

Wanne zan ɗauka? Ke kike ganin cikinsu, mu bayansu kawai muke gani.

Kawunki mai yankan itace

*

Zuwa ga Kawu,

Na samu wasiƙarka, na ji daɗi ƙwarai. Muna lafiya. Jikanka ya fara haƙori, duk abin da ya samu sai baki; jiya da ƙyar na ƙwace mukullan shago daga hannunsa. Babansa yana gaishe ku. Ka gaida Inna. Labarin jakin nan da ka ba ni kuwa, har yau in na tuna sai na dara. Allah ya ƙara sauƙin kafaɗa, don Allah ka riƙa gasa ta da ruwan ɗumi.

Ina yi maka ta'aziyyar inji. Ya yi maka aiki, ba shi da haƙƙinka.

Ɗan Kwalisa dai ka manta da shi, kyan ɗan maciji ne. Yanzu haka akwai 'yan'uwansa a kusurwar shagona, sun yi ƙura, suna jiran kayan gyaran da ba za su taɓa zuwa ba. Satin farko sai ka ce zaki. Daga nan igiyar tayarwa ta tsinke, robobin ciki su yi laushi, kafireta ta fara wasa da hankalinka. Abin da aka rubuta a kwali kuwa, kwali ba ya jin kunya. Mai shi na ƙarshe da ya kawo mini, tabarau ɗin kyautar ne kawai suka rage masa masu amfani.

Basamude injin kirki ne, ƙarfi kam akwai. An yi shi ne don masu tsaga katako a ƙasa tun safe har yamma. Amma aikinka na makaranta rabinsa a sama yake, sai ka sauke rassan da ke kan rufi ɗaya bayan ɗaya kafin ka taɓa gindi. Wa zai hau tsani da wannan dutsen? Ga shan mai kamar raƙumi ya samu rijiya.

Ni Matsakaici nake so maka. Irinsa suna zuwa shagona, amma da ƙaramin ciwo suke zuwa, fulogi ko matacin iska, a gyara su tafi. Kayan gyaransa ko a ƙaramin shago za ka samu. Kan Matsakaicin nan in ana haɗa masa mai daidai, sai ka gaji da ganinsa.

Amma dogon takobin nan, Kawu, gaskiya bai dace da kai ba. Ya yi nauyi, ƙarfin jansa babu, in aka matsa kuma kwanciya za a yi a tsakiyar aiki. A haƙura da shi, a nemi gajere. Maganar Bakin Zuma ma ban yarda da ita ba, kowane kamfani da irin ramukan da yake hudawa a gindin takobinsa. Ka ɗora gindin a kan takarda ka zana mini shi da ramukansa, in gani da idona.

Direba yana ta danna mini hon, ga wani ya sauke janareta a ƙofar shago yana kallon agogo. Ka yi haƙuri da rubutun, a tsaye na yi shi.

'Yarka Sifana

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, haƙorin ya fito.

Direba ya zo ya koma, ya sake zuwa, ba wasiƙa. Na tambaye shi, ya ce ya ganka a ƙofar gida ya ce ko akwai saƙo, ka ce babu, ka juya ka shige. Na kira waya, tana ta ringi ba a ɗauka. Hankalina bai kwanta ba. Ko kafaɗar ce? Ko Inna ce ba lafiya? Nan wajenmu har hadari ya fara haɗuwa da yamma, ina ta tunanin azuzuwan nan.

Ko layi ɗaya ne a rubuto mini.

Sifana

*

'Yata,

Ni ce Innarki. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki, ki shafa mini kan angona mai sabon haƙori. Ki kwantar da hankalinki, ba wanda ya kwanta. Kawunki bai san ina rubutun nan ba, ya tafi kantin magani sayen man shafawa, dalilin man kuma za ki ji shi yanzu.

Ran da wasiƙarki ta zo yana zaune a baranda yana karantawa yana dariya, har yana karanta mini wajen kwalin da ba ya jin kunya. Can sai na ji dariyar ta yanke. Na leƙo daga kicin na ga ya cire tabarau ya ajiye a gwiwa.

Na ce, "Lafiya?"

Ya ce, "Kin ji 'yar da na ɗauka a wuya na tsinko wa mangwaro. Wai na tsufa."

Na ce, "A ina ta ce ka tsufa?"

Ya ce, "Ga shi nan da hannunta. Takobi bai dace da ni ba, ba ni da ƙarfin jansa, zan kwanta a tsakiyar aiki. Saura ta aiko mini da sandar dogarawa."

Na karɓa na karanta, ni ma dai haka na gani. Na ce to ai ba ƙarya ta yi ba, wa ke gasa maka kafaɗa kullum? Ashe fetur na zuba wa wuta. Ranar ko abincina bai ci da daɗi ba.

Washegari ya saka rigar aiki ya fita. Sai ga shi a bayan a-kori-kura rungume da Basamude kamar ya ɗauko jariri daga asibiti. Bakin Zuma ya ba shi ya gwada, in ya yi masa ya saya. Ya shimfiɗa buhu a tsakar gida, ya ɗauko dogon takobin zai ɗaura, takobi ya ce bai san zance ba. Ramin ya yi wa kusoshin injin kaɗan. Ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya yi masa magana mai daɗi, ya yi masa marar daɗi. Na ce, "Malam, ba yarinyar nan ta ce ka zana mata ba?" Ya ce shi ba ɗan makaranta ba ne da za a ba shi aikin gida.

Ya kai wa mai walda aka faɗaɗa ramin. Ya dawo yana taku ɗai-ɗai, takobi ya hau. Ya ja igiya ya ja, da ƙyar abin ya tashi, kajina suka watse har yau ɗaya ba ta dawo hayyacinta ba. Ya ɗora a kan wani guntun icce da ke bayan ɗaki. Da farko yana ci, yana waigowa yana kallona. Can sai wari kamar an bar tukunya a wuta, hayaƙi na tashi daga takobin, gefensa ya koma shuɗi. Kafin ya kashe sarƙar ta zame ta fita. Allah ya tsare ba ta taɓa kowa ba, sai bokitina na wanki da ta yi wa baki na biyu. Wajen sauke injin kuma kafaɗar ta amsa. Yanzu ni ke saka masa riga.

Ya mayar da Basamude lafiyarsa ƙalau, Bakin Zuma ya karɓa yana shan ƙamshi.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne shugabar makaranta ta zo har gida. Mace mai kirki, ta zauna ta gaisa, sannan ta ce, "Baba, in babu hali ka faɗa mini, ba zan ji haushi ba. Hutu ya raba tsakiya, in iska ta riga mu rufin nan ya tafi." Ya ce mata ta ƙara masa ɗan lokaci. Bayan ta tafi ya zauna yana ta jujjuya takobin nan a hannu. Ni fa na fi son faɗansa da wannan zaman.

Zanen da kika ce ga shi nan, ni na yi. Ban san inda gindin ya tsaya ba, sai na ɓarke takardar buhun siminti na zana shi gaba ɗaya, daga kai har wutsiya. Ki duba ki rubuto masa, ki lallaɓa shi. Tsoho da yaro duk abu ɗaya ne, bambancin gemu.

Innarki

*

Zuwa ga Kawuna,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa tun kafin in ce komai. Muna lafiya. Ya kafaɗa? Kada ka yi wa Inna faɗa don ta rubuto mini, ta kyauta.

Kawu, wallahi da na karanta wasiƙarta sai da na zauna a kan wani janareta. Na fara da salati na ƙare da dariya har hawaye, maƙwabcina tela ya leƙo ya ga ko lafiya. Kan inji nake nufi! Mu a nan gangar injin, wajen da fistin da tanki suke, kai muke ce mata. Kan Matsakaici ne ba shi da ƙarfin jan sarƙa mai tsawon nan, shi ne zai yi zafi ya kwanta a tsakiyar aiki. Ni na isa in ce kawuna ya tsufa? Na sake karanta maganar a zuciyata na ga yadda ta fito, laifina ne, rubutun tsaye ba ya haifar da ɗa mai ido. Ka yafe mini.

Zanen Inna kuwa ya fi wanda na roƙa. Mun shimfiɗa shi a ƙasa ni da tela, ya riƙe wutsiya na riƙe kai. Har lanƙwasar da mai walda ya yi ta fito. Ga abin da na gani. A gindin takobi akwai wani ɗan ƙaramin rami wanda mai ke bi ya shiga kwarin da sarƙa ke gudu a ciki. Na takobinka bai yi saiti da na Basamude ba, don ba gidansu ɗaya ba. Mai walda ya buɗe wa kusoshi hanya, amma mai bai samu tasa ba, shi ya sa sarƙar ta yi gudu a bushe har ta yi zafi ta saki. Wannan takobin dangin marigayi kawai yake hawa, cikin ukun nan ba wanda zai karɓe shi. Yanzu kuma da ya sha wuta, ka rataye shi a bango ya huta.

Ka ɗauki Matsakaici da takobinsa na gida, mai inci ashirin da huɗu, da sarƙar da aka yi masa. Kada ka bar Bakin Zuma ya haɗa maka da wata sarƙa don ta fi araha. Ka sa a ɗaura a gabanka, a tayar, ka nuna bakin takobin ga wani kwali. In ka ga mai ya yi feshi a jiki, to yana sha. Ka sayi sarƙa ta biyu da magagarin da ya yi daidai da haƙoranta. Gindin da ya fi takobin faɗi kuma ka san yadda ake cinsa ta gefe biyu, ba ni zan koya maka ba.

Iyakar sanina ke nan. Ni inji na sani, ban san bishiya ba. Inda za ta faɗi da yadda za a lallashe ta ta faɗi can, wannan karatunka ne, kuma ba a sayar da shi a shagon Bakin Zuma.

A ba kafaɗar nan 'yan kwanaki tukuna. Wannan karon kai nake nufi, ba inji ba.

'Yarka mai neman gafara,
Sifana

*

Zuwa ga 'yata Sifana,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Muna lafiya. Kafaɗa ta yi sauƙi, na koma saka rigata da kaina. Innarki tana gaishe ki, tana nan tana ta baza labarina a unguwa, har mai kayan miya in na wuce sai ya ce, "Baba, ya kai?"

Ba abin da kika yi mini. Na karanta wasiƙarki a baranda, na ɗauko ta farkon na sake dubawa, sai na ji kunya ta rufe ni kamar bargo. Mai ciwo a yatsa komai ya gifta sai ya ce shi aka nufa. A bar maganar.

Na ɗauki Matsakaici. Na sa Bakin Zuma ya ɗaura a gabana, na yagi kwalin Ɗan Kwalisa na tara, mai ya yi feshi. Ya ce, "Baba, wa ya koya maka wannan?" Na ce ina da injiniya a gida. Ja biyu yake tashi, ba ya gardama, a kan tsani kuma sai ka ce jariri ka riƙe.

Ƙananan bishiyoyin biyu ba su ba ni wahala ba. Na sauke rassansu da igiya, na kwantar da su a filin ƙwallo. Babbar ce ta tsaya mini a rai. Na gama sauke rassan da ke kan rufi, na sauko na kewaya gindin, mutum uku ba za su rungume shi ba. Zai yanku ta gefe biyu, amma ni kaɗai zan daɗe a ƙarƙashinta, ga ta a karkace, ga iska ta fara kaɗawa. Ina tsaye ina lissafi sai na ga Ɗan Gaggawa zaune a kan katanga, injinsa a gefe, ƙanen Basamude ne.

Na yafito shi. Ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ashe yaron kirki ne. Na ce, "Na ga kana ta kewaya aikin nan. In an ba ka, ina za ka kayar da ita?"

Ya sosa ƙeya ya ce, "Gaskiya Baba, ni tsoronta nake ji. Kullum ina zuwa ne in ga ta inda za ka ɓullo mata."

Kin ji fa! Ni ina can ina hana kaina sukuni saboda shi, shi kuma makaranta yake zuwa. Na ce, "To tashi. Kai da ƙarfi, ni da ido. Abin da aka samu a kanta mu raba."

Muka ɗaura mata igiya biyu a sama, muka kai ɗaya gindin wata bishiya mai lafiya. Masu dako daga kasuwa suka kama ɗayar, mai gadin makaranta ya kori 'yan kallo zuwa bakin ƙofa. Na zana masa da alli inda zai buɗe baki, ya shiga da babban injinsa, ni kuma na bi ta baya da Matsakaici ina ci a hankali ina buga mata katako a tsaga don kada ta koma kan rufi. Can ta yi wata ƙara daga ciki, na ɗaga hannu, ya kashe inji muka ja baya. Ta tsaya kamar tana shawara. Na ce, "Ku ja!" Ta juyo a hankali, ta bar azuzuwan, ta zo ta kwanta tsakanin tankin ruwa da katanga, ko kwano ɗaya bai lotsa ba. Ƙasa ta girgiza, ƙura ta tashi, masu dako suka yi ta ihu. Shugabar makaranta ta saki jakarta a ƙasa tana tafi kamar 'yar aji ɗaya. Ɗan Gaggawa ya rungume ni, sai da na ce, "Kai, kafaɗa!"

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka bayan mun gama kwashe rassa. Yara sun koma azuzuwansu. Yanzu ni da yaron muna tsaga katako a bayan makaranta, shi yana tsagawa ina daidaitawa, kafinta na harhaɗa benci. Har an kira mu wani aikin a wani asibiti, mu biyu.

Daga gindin babbar na ware falle ɗaya mai kauri, na sa kafinta ya yi miki teburin aiki. Ga shi nan a motar direba. Ya yi ta mita wai zai karya masa sifirin, na ce ya yi haƙuri, kayan injiniya ne. Katakon bai gama bushewa ba, kada ki bar shi a rana.

Kawunki

*

Kawu,

Muna lafiya, ina fatan kuna lafiya. Barka da arziki, barka da sauke nauyi. Na karanta wa baban jikanka wasiƙar, da aka zo wajen da ta tsaya tana shawara sai da ya miƙe tsaye. A gaida Inna da Ɗan Gaggawa.

Tebur ya iso. Kawu, wannan tebur ne ko gada? Sai da muka tara tela da mai faci da masu shagon gefe kafin ya sauka daga mota, direba yana tsaye yana duba tayoyinsa yana ƙwafa. Muka kawo shi ƙofar shago ya ƙi shiga. Muka juya shi a kaikaice ya ƙi. Tela ya ce a cire ƙofa, mai faci ya ce a rage masa ƙafa, na ce duk wanda ya taɓa shi da zarto ni da shi ne.

A ƙarƙashin rumfar gaban shago ya zauna, inuwa ce, rana ba ta kai masa. A nan nake aiki yanzu. Na ɗaura masa matsin riƙe ƙarfe a gefe, na ɗora injin ban ruwa na buga guduma, ko gezau bai yi ba. Masu wucewa suna ganina da sifana a hannu suna tsayawa, aiki har ya ƙaru. Ƙamshin ɗanyen katako ya kori warin fetur.

Ɗazu wani mai gyaran babur ya tsaya ya shafa shi, ya ƙwanƙwasa, ya leƙa ƙarƙashi, ya ce in faɗi kuɗinsa. Na ce ba na sayarwa ba ne. Ya ce to wa ya yi, shi ma yana so. Na ce kawuna ne ya kayar da bishiyar da hannunsa, amma sai ya yi haƙuri, yanzu layi ake bi.

'Yarka Sifana